Ragon Sunan Kawu Zakariya'u

Ku da kuka zauna da Kawu Zakariya'u a unguwar Sulay ta birnin Riyad kun san halinsa: in ka gutsure masa suna, ko gobara ce ba zai waiwayo ba. "Rago sukutum aka yanka mini," in ji shi, "ba cinya ba!"

Direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya, nan cikin Riyad. Mudir ɗinmu, wato manaja, Bature ne, harshensa ya kasa ɗaukar Zakariya'u, sai ya yanke masa Zack. Su haka suke yi, wai alamar sabo ce. Ni ma, Yusufu ɗan ƙanwarsa, na koma Joe, har wani fankama nake.

Ran nan Bature ya tsaya cikin zafin Riyad yana ta "Zack! Zack!" Kawu na cikin mota yana jan carbi.

Na ce, "Kawu, kai ake kira fa!"

Ya ce, "To taya shi neman Zack ɗin mana, bawan Allah ya ɓata."

Na matsa kusa da shi. In aka sallame shi iƙama, takardar izinin zama, ta tafi, ga iyali a gida sun zuba masa ido. Na ce ya yi haƙuri, ai mudir ɗin ma Robert ne, amma Bob ake ce masa.

"Ka ji ko! Wanda ya zubar da nasa, shi zan ba ajiyar nawa?"

Da zancen rago ya kai kunnen Bature, ya yi dariya, ya sa aka sayo tiƙeƙe aka gasa. Kawu ya ci ya yi nak, har da ƙunshi a leda. Washegari, "Zack!" Kawu ya ci gaba da jan carbinsa.

"Haba Kawu! Ai ka ci ragon!"

"Na ci. Ka ga liman? Ka ga wanzami? Walima ce wannan, yaro, ba suna ba. Halas, magana ta ƙare!"

Bature ya haƙura, ya koma ƙwanƙwasa gilashin mota.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar ta'aziyya sai ga Bature a Sulay. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya dube ni ya ce a hankali, "Za-ka-ri-ya'u." Bai bar ko gutsure ba. Nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa a kira ka da cikakken sunanka a ƙofar Aljanna, ka waiwayo.