Karkatacciyar Kunyar Malam Rufa'i

Duk mai bin hanyar daji daga Doguwa zuwa gindin dutse ya san gonar Malam Rufa'i, kuma ba don yawan masararta ba. Kunyoyin kowa sambal suke tafiya. Nasa kuwa da sun kai tsakiyar gona sai su ratse, su yi zagaye, sannan su koma hanya. Abokan wasansa sukan ce shanun nomansa ne masu harara-garke. Shi dai dariya yake yi, don mutum ne da ba ya ɓata bakinsa a kan abin da ya riga ya yanke.

Abin da kunyoyin ke zagayewa wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a kafe, wanda mutanen ƙauyen ke kira harshen jirgi. Ɓangaren farfelar jirgin sama ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu wani jirgin soja ya faɗo a wurin. Mahaifin Rufa'i, yana saurayi, shi ya tsinci gawar matuƙin. Ba wanda ya san sunansa ko addininsa, amma mutum ne, sai suka haƙa suka rufe shi, suka kafa ƙarfen a wajen kansa. Sauran jirgin kuwa a hankali ya koma ludaya da tukwane da ƙyauren rumbu.

Rufa'i bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya dai taso ya tarar da mahaifinsa yana ɗage garma a wurin, shi ma ya ɗage. Da wasu masu binciken tarihi suka zo daga Kano suka ce ƙarfen nan abin adanawa ne, ya ba su fura, ya ce, "Ai ba ƙarfen muke tsaro ba, baƙonmu ne a ƙasa."

Bara da rani ɓarin jikinsa ya shanye, kuma a wannan ranin 'yan gwangwan masu tsintar tsofaffin ƙarafa suka tumɓuke ƙarfen suka yi gaba da shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Gonar ta koma hannun ɗansa Nazifi, wanda ba ya son ɓata lokaci, har ya riga ya yi magana da mai tarakta.

"Baba, ƙarfen ma babu shi," in ji Nazifi. "Tarakta kuma ba ta san kwana ba. Ƙasa ce fa."

"Ƙasa ce," in ji tsohon. "Ni ma can za ni."

Ranar huɗa ya kasa cin abinci, yana daga zaure yana jin ƙugin injin can nesa, yana tunanin mutumin da ba shi da kowa sai su.

Da la'asar ya matsa aka ɗora shi a babur, wani maƙwabci ya riƙe shi ta baya. Daga bakin gona ya hango sababbin kunyoyi, baƙaƙe, a miƙe kamar an ja zare. Ya bi su da ido har tsakiya, sai ya ga sun ratse, sun zagaye wani fili da babu komai a cikinsa sai ciyawa.

Nazifi yana gefe, ya kau da kai. "Ni na tsaya wa mai taraktar a wurin," ya ce. "Dole ya kauce."