Wace Shawara?

Har na yi ritaya, ranar da Malam Sule ya kawo matarsa Hajara a bayan babur ba ta bar raina ba. Lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti kusa da Mainika, ba a daɗe da fara Shari'a a Kano ba. Idanunta sun koma ruwan ɗorawa, tana dafe da haƙarƙarin dama. Na fara tambayar watannin ciki, ta ce ba ta da ciki. Nan kaina ya ɗaure, don ni da ciki na san ta da wannan ciwon.

Shekara shida kafin nan, zamanin tsuke bakin aljihu da ko katin awo a takardar makaranta muke yanka shi, Hajara ta zo da cikin wata takwas da idanu ruwan ɗorawa da ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa, ta sosa har ta ji wa kanta ciwo. Likitan da ke zuwa mana daga Gwarzo duk Talata ya ce hanta ce, shawara ce ta masu ciki. Ta haihu lafiya, idanu suka washe. Amma ya ja mini kunne cewa irin waɗannan matan ba a daina bibiyar lafiyarsu, don wasu daga baya sukan gamu da tsakuwa a matsarmama ko ciwon hanta mai daɗewa. Ya ce ta dawo gwajin jini bayan arba'in, sannan a riƙa duba ta.

A ƙa'ida, mai jego ake zaunarwa a yi wa bayani. Ni kuwa ga layi, ga ni ni kaɗai, sai na tari mijin a bakin ƙofa na ce, "Malam, likita ya ce ka dawo da ita bayan arba'in kan maganar shawara." Ya ce to. Ba su dawo ba, ni ma na sha'afa.

To, ran da suka zo ɗin nan, raina a ɓace na ce, "Malam, ban ce ka dawo da ita ba?"

"Kin ce, Hajiya. Ni kuma na ga ba mu buƙatar shawarar kowa a kan haihuwarmu."

"Wace haihuwa kuma?"

"Ba tazarar haihuwa za ku ba ta shawara a kai ba? Ai a kan haka kuke kiran mata bayan arba'in."

"Ciwon shawara nake nufi, Malam! Na ido!"

Ya ce, "To ai wannan ta warke tun kafin suna. Wadda ta warke me za a duba?"

Shi bai yi ƙarya ba, ni ma haka, ga mace kuma tana murƙususu a kan benci. Na rubuta takardar turawa Gwarzo, daga can aka wuce da ita Kano. Hantar ta riga ta taɓu sosai. Na tambayi likita ko da ta zo tun farko da an tare abin, ya ce wataƙila. Wannan wataƙilar ta fi komai damuna.

Ku da kuke fara aikin ungozoma, kada ku ba kowa saƙon jikin mace ya kai mata, kuma in kun yi bayani ku sa ta maimaita da bakinta. Da na je duba Hajara bayan an sallamo ta, ina ta ba ta haƙuri kan yadda ni da mijinta muka kasa fahimtar juna, sai ta dube ni ta ce, "Inna, ni fa a cikinku ba wanda ya ce mini komai."