Cittar Gidanmu a Kwalbar Jin

Akwai wata Talata cikin watan Maris da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin na shekara goma sha ɗaya ina aiki a mashayar wani otal a Lyon, ina komi. Ku da kuka zo bayana, ga yadda tsarin yake: shef, wato shugaban mashaya, a sama, barman mai haɗa koktel, wato gaurayen giya, a tsakiya, komi a ƙasa, shi ke ɗauko ƙanƙara, ya yanka lemun tsami, ya wanke kofuna. Ni ke nan.

Barman ɗinmu ya bar aiki. Shef ya ce kamfanin wata giyar jin mai tsada zai turo mace daga Paris ta koyar da mu, wanda ya fi ƙoƙari shi zai hau wurin. Mu biyu ne, ni da Luka, mai takardar makarantar otal, watansa takwas da zuwa.

Da hantsi ta iso. Ta ba mu tarihi: gida ɗaya ke dafa jin ɗin tun kakanni, cikin tukunyar jan ƙarfe, da ƴaƴan wani icen ƙasar sanyi da kayan ƙamshi. Ta jera ƙananan kwanoni a rufe, ta ce mu gane su da hanci. Da aka zo kwano na ƙarshe, Luka ya shinshina ya girgiza kai. Ta ce wannan ƙwaya ce mai wuyar samu, daga can cikin Afirka.

Na ce, "Madam, citta ce mai ƴaƴa. Uwata tana daka ta cikin yajin jego a Damagaram."

Ta yi dariya ta rubuta sunan.

Sai haɗi. Jin, ruwan tonik mai gas, ƙanƙara, ɓawon lemu. Na murje citta biyu a kai. Ta kurɓa ta ce nawa ya fi.

To, ƙa'idar gidan ita ce, kafin kofi ya fita, barman zai tsoma tsinken roba, ya toshe bakinsa da yatsa, ya ɗiga a harshe. Shef ya miƙo mini tsinken.

"Ɗanɗana, Hamidu."

"Shef, ka san ba na sha. Hancina ya isa."

"Shekara goma sha ɗaya kana ɗaukar kwalaben nan!"

"Ɗauka na yi, ban sha ba."

Ya ɗaga kafaɗa. Ranar Juma'a aka ba Luka farar rigar barman. Na hau bas na koma unguwarmu Minguettes, ban faɗa wa matata komai ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a cittarka za ta shiga tarihin kwalba a rubuta ta da ruwan zinariya, kai kana bakin famfo. Har yau komi nake. Luka kuwa, duk sabon haɗin da ya yi, sai ya waiga ya ga shef ba ya kallo, sannan ya turo kofin ƙarƙashin hancina.