Jirgin Injiniya a Gonar Zawaciki

A shekarun da nake ɗinkin tamfol a Sharada, akwai wani mutumin Damagaram da ke kula da janareta a masaƙar da ke kallon rumfata. Injiniya ake ce masa. Dogo ne, ba mai yawan magana ba. Wata rana ya zo ya shimfiɗa zane a kan keken ɗinkina.

"Malam, yadi za ku ɗinka mini, mai ƙarfi amma marar nauyi. Fiffike zan lulluɓe."

"Fiffiken me?"

"Jirgin sama."

Ban yi dariya ba, tunda shi bai yi ba. Na auna, na ɗinka.

A tsakar gidansa ya haɗa jirgin, da bututun ƙarfe da katako da injin ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru. Farfelar kuwa da hannunsa ya sassaƙa ta. Kujera ɗaya ce. Matarsa ta riƙa shanya a jikin fiffiken har ya hana ta. Da aka gama, sai da aka rushe katanga kafin jirgin ya fita.

Bayan girbi, wata Lahadi da safe, aka ɗora shi a tirela zuwa wata gona a bayan Zawaciki, inda Injiniya ya sa aka share kara aka daddaɓe ƙasa. Ma'aikatan majemar Challawa da suka tashi daga aiki suka biyo mu a kan kekuna. Wani dattijo mai gonar ya ce, "Injiniya, ka taɓa tuƙa irinsa?"

"Ban taɓa ba, Baba. Na dai karanta."

"To, Allah ya kiyaye."

Injiniya ya sa hular kwano, ya yi bisimilla, aka murɗa farfela. Jirgin ya yi gudu yana tsalle a kan ragowar kunyoyi. Har na ɗauka ba zai tashi ba, sai na ga haske a ƙarƙashin tayoyinsa. Ya yi sama kamar tsayin ɗorawa, hancinsa ya ɗaga fiye da kima, ya tsaya cak kamar mai tunani. Daga nan ya karkata hagu. Fiffike ya fara taɓa ƙasa, sauran ya biyo baya.

Mun sami Injiniya a ƙarƙashin yadin da na ɗinka, fetur na zuba a kafaɗarsa. Wuta ba ta tashi ba. Cinyarsa ta karye, haƙoransa na gaba sun zube. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wutsiyar ta yi nauyi."

A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti. 'Yan sanda sun zo suna tambayar wanda ya ba shi izinin tashi, suka tarar bakinsa ya kumbura ba ya iya magana, suka je gonar suka kwashe farfelar suka tafi.

Ya daɗe a kwance. Da damina ya koma aiki yana ɗingishi. Injin kuwa mai gonar ya roƙe shi ya ba shi, aka mai da shi na ban ruwa a bakin kogi. Daga baya masaƙar ta rage ma'aikata, Injiniya ya kwashi iyalinsa ya koma Damagaram. Wani direba ya gaya mini ya gan shi can yana gyaran injinan niƙa.