Ranar da Kakana Ya Amsa

Duk sanda na ji warin dafaffen ganyen darbejiya, ɗakin kakana nake tunawa, a gidanmu na Sabon Gari, bayan layin dogo. Zan faɗa muku abin bi da bi, yadda ya faru.

Kakana tsohon ma'aikacin reluwe ne. Yana yaro aka kawo shi Zariya daga wani ƙauye a kudancin Kaduna, kuma ban taɓa jin wani yare a bakinsa ba sai Hausa. Kakata kuwa Bazazzagiya ce da ba ta wasa da kalma. A wurinta magana ita ce mai kan gado, zance ya fi ta tsawo, raɗa ta kunne ɗaya ce, hira sai da mutum biyu. Surutu namu ne na yara, kuma ba ta son sa.

Da damina, ina aji huɗu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ana yi masa surace. A rana ta huɗu da hantsi ya fara magana da harshen da babu wanda ya sani a gidan. Babana ya ce sambatu ne na zafin jiki. Mai allura da aka kira daga Dogarawa ma haka ya ce. Fasto ya yi addu'a ya tafi.

Kakata ta zauna bakin gado tana saurare har azahar, sannan ta ɗago.

"Wannan ba sambatu ba ne. Mai sambatu ba ya jiran amsa. Hira yake yi."

Muka kasa kunne. Zai faɗi nasa, ya yi shiru yana gyaɗa kai, sannan ya ci gaba, idonsa a kan kusurwar da babu komai sai tsohuwar fitilarsa ta aiki.

Babana ya shiga kasuwa ya nemo wata tsohuwa mai sayar da acca, 'yar yankinsu kakana. Ta zo a jiƙe, ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Da ta saurara ta ce da mahaifiyarsa yake magana. Marigayiyar tana kiran sa da sunan yarinta, shi kuma yana kawo uzuri: da farko ya ce ruwa ake yi, sannan ya ce rufin ɗaki na yoyo bai gyara ba, sannan ya ce jikansa bai gama makaranta ba. A garinsu, in ji ta, idan mamaci ya kira ka, kana iya ba shi hanzari, amma ba ka amsawa. Muddin bai amsa ba, namu ne.

Nan take kakata ta tsara mu: babana, gwaggona, ni, sannan ita. Kowa zai yi ta yi masa Hausa a kunne, kada a bar shirun da zai ji wancan kiran. Matar da ta tsani surutu, ranar ita ta umarce mu da shi. Da layi ya zo kanta ta ce:

"Malam, ina za ka ka bar ni da yoyon ɗaki? Tsohuwarka ta jira shekara sittin, ta ƙara kaɗan mana."

Ya yi murmushi, ya ce da Hausa, "Ke dai ba kya gajiya."

Da la'asar layina ne. Ina karanta masa littafin makaranta da ƙarfi saboda ƙarar ruwa a kan kwano, sai ruwan ya ɗauke lokaci ɗaya. Na tsaya in buɗe shafi. A cikin wannan ɗan shirun ya faɗi kalma ɗaya, gajeriya, da muryar ƙaramin yaro. Tsohuwar mai acca ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Ya amsa," in ji ta.

Kafin rana ta faɗi ya cika. Babu wanda ya taɓa ɗora mini laifi, kakata ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Yanzu a Samaru nake zaune, na yi jikoki. In na yi musu Hausa, da Turanci suke mayar mini, rabi ma ba sa ganewa. Ba na tsoron kira, zai zo. Abin da ke damuna shi ne ranar da zan fara kawo nawa uzurin, za su tsaya a kaina su ce Baba tsoho yana sambatu, su ja ƙofa su bar ni in huta.