Kaka Orval da Kwalayen da Aka Kai Bakin Titi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran kakana Orval Kessinger, a kan kujerarsa ta bakin taga, a gidanmu da ke bayan rumbunan masara. Ya rasu yana da shekara tamanin da bakwai. Da na dawo daga makaranta na tarar kofinsa ya huce a gefensa, tabarau yana kan hancinsa. Na ɗauka barci yake yi, har na rage ƙarar rediyo don kada ya farka.

Sunana Twila, shekarata sha uku, ni ce jikarsa da ta tashi a hannunsa. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na karanta sanarwar rasuwar da Kawu Dwight, yayan mahaifiyata, ya bayar a wannan jarida makon jiya, na ga an yabi rabin mutum an ɓoye rabi. Shi ya sa na roƙi a ba ni wannan fili.

Kaka, da kai nake.

Kowa a garin nan ya san ka rubuta littattafai masu yawa, iri-iri. Ka rubuta labaran kaboyi, ka rubuta na 'yan sanda masu bin sawun masu kisa. Ka rubuta na mutanen da suka tafi duniyar wata suka rasa hanyar dawowa, da ƙananan littattafan yara a kan wani jaki mai taurin kai. Ka kuma rubuta babban littafin nan guda na yaƙi, wanda ya jawo maka lambar yabo, wanda kowa yake ajiyewa a falo amma ban san mutum biyar da suka kai ƙarshensa ba. Duk waɗannan Kawu ya lissafa su a sanarwarsa.

Abin da bai faɗa ba shi ne littattafan soyayya. Ka rubuta su da sunan mace, Opal Renn, kuma sun fi duk sauran yawa. Ba asiri ba ne. Mai gidan waya ya sani, matan coci sun sani. Kai da bakinka ka gaya mini Opal sunan wata kazar Kakata ce, wadda ta fi kowace kaza ƙwai. Ka ce, "Ita ma wannan Opal ɗin haka take, Edita. Kaboyi ya kawo suna, amma Opal ce ta kawo miya." Da littattafan Opal aka gyara rufin gidan nan. Da su Kawu Dwight ya yi jami'a har ya zama mai sayar da gidaje, kullum da kwat da ɗaurin wuya.

Edita kake ce mini. Tun ina ƙarama, idan baƙi suka zo sai in shige ƙarƙashin teburinka in rungume gwiwa. Mama tana tuƙa babbar mota, ta kan yi mako ba ta gida, don haka daga ni sai kai. Ba ka taɓa jawo ni ka ce in fito in gaida mutane ba. Sai ka ce wa baƙo, "Ku yi haƙuri, editata tana cikin taro." Sannan ka miƙo mini burodi da man gyaɗa ta ƙasa, ka ci gaba da hira. A ƙarƙashin teburin nan na girma, ƙarar tafiretarka tana sauka a kaina kamar ruwan sama a kan kwano.

Ba ka sayen farar takarda. Ka ce ka tashi a gidan da ko igiyar buhu ba a yarwa, kuma takarda fuska biyu gare ta. Duk abin da ya shigo gidan mai farin baya, tafireta zai shiga: sanarwar coci, tallan taki, takardar likita. Da na fara makaranta sai ka samu abin da ya fi su yawa, wato takardun aikina. Ranar da na fara faɗuwa jarrabawar lissafi na ɓoye takardar cikin takalmi. Ka gano, ka warware ta, ka goge ta da dutsen guga, ka dubi jan biron malama ka ce, "Kai, wannan baya nata fari fat! Kawo nan, akwai wata bazawara da take jiran wani makiyayi ya buɗe baki." Ka ɗaura ta a tafireta. Tun daga ranar ban ƙara ɓoye maka faɗuwa ba. Duk littattafan Opal na ƙarshe a bayan takarduna ka rubuta su.

Ranar Lahadi bayan coci muna zuwa gidan tsofaffi ka karanta musu babi guda. Ba na yaƙi suke so ba. Akwai wata tsohuwa da ba ta gane 'ya'yanta, amma da ta gan ka sai ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Kai Opal, ya sumbace ta ko har yanzu yana tsaye kamar turken shinge?" Sai ka ce, "Haƙuri, Uwargida, mutumin jihar Nebraska ne, sai ya gama girbi."

Yanzu zan faɗi abin da ya faru ranar jana'izarka, ko da za a ji haushina.

Mun binne ka ranar Asabar. Daga maƙabarta kowa ya wuce gidanmu, kamar yadda aka saba. Maƙwabta sun kawo naman alade da dankali mai cuku da kek iri-iri, tebur har yana lanƙwasa. Ƙasar kabarinka ba ta bushe a takalmanmu ba, Anti Charlene, matar Kawu, ta buɗe jaka ta fito da sitika, irin ƙananan nan masu zagaye, kala-kala. Na san ana yin haka a gidajen mutane idan za a raba kayan mamaci. Ban san a ranar ake yi ba, da faranti a hannu.

Kawu ya buga cokali a jikin kofi ya ce, "Jama'a, don kada a yi rigima. Kowa da kalarsa. Abin da ka liƙa wa taka, naka ne. Ba gardama, ba kotu, ba wanda zai ɓamɓare ta wani." Ya ɗauki ja. Aka ba Mama kore, ta ajiye ba ta ko duba ba. 'Ya'yan ƙannenka da ban taɓa gani ba suka karɓi nasu. Anti ta miƙo mini rawaya ta ce, "Ungo, 'yar bebiya, kada a ce an ware ki. Je ki zaɓi 'yar fitila ko wani abu."

Kaka, da ka ga gidanka. Mutane suna tauna suna liƙi. An liƙa wa agogon bango, an liƙa wa tafiretarka. An liƙa wa kujerar da ka cika a kanta, daidai inda kanka ya bar shaida. Wani ya sa kwat ɗinka yana juyi gaban madubi, yana tambayar matarsa ko ta yi masa. Na ga jar sitika a jikin kofinka, da maiƙon nama a kanta, inda yatsan Anti ya danna. Kofin ma ba a wanke ba. Na shiga bayi na yi amai, na fito na tarar har madubin bayin an liƙa masa.

Takardunka kuwa ka riga ka yi wasiyya a ba ɗakin adana takardu na wata jami'a, za su aiko mota ranar Litinin da rana. Suna ɗakin ƙasa cikin kwalaye, kowanne ka rubuta masa suna da hannunka. Ta taga na hango Kawu da ɗansa suna fitowa da wasu, suna jerawa a bakin titi kusa da garwar shara. Duk wanda suka fitar, a jikinsa an rubuta OPAL. Motar shara da sassafen Litinin take zuwa, kafin ta jami'a.

Na ji Mama ta tare shi a baranda ta ce, "Dwight, me kake yi haka?"

Ya ce, "Ina wanke sunan Baba. So kike malamai su zo bincike su tarar tsoho yana rubuta 'ƙirjina yana dukan uku-uku' da sunan kaza? Kin san tsiyar da na sha a makaranta? Ɗan Opal, ɗan Opal! Wasiyya ta ce takardun Orval Kessinger. Nuna mini inda aka ce Opal."

Mama ta zauna a bakin baranda. Ta gaji, ta kwana biyu tana tuƙi kafin ta iso.

Gaskiya, da farko wani sashe na zuciyata ya so a kwashe su. Na san abin da ke bayan takardun nan. Akwai jarrabawowin da na faɗi. Akwai takardar da malama ta rubuto cewa ba na magana da kowa, ko a kai ni a duba ni. Akwai zanen da na yi na Mama cikin motarta tana tafiya, ni ina kuka a ƙofa. Idan suka shiga jami'a, duk wanda ya ga dama zai juya takarda ya gan ni. Ni da ko sunana aka kira a aji sai kunnuwana su yi zafi.

Amma hadari ya fara haɗuwa, ga kwalayenka a waje kamar kayan wanda aka kora daga haya. Na duba hannuna, sitikata tana nan cif, ban taɓa ko ɗaya ba. Na fita ta gaban kowa. Na bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya ina liƙa musu rawaya, har na zo na ƙarshe, sauran da suka rage na liƙe masa su duka.

Kawu ya sauko daga baranda da faranti a hannu. "Ke Twila, wasa kike? Wannan shara ce."

Na ce, "Nawa ne."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ba na jin kukan sauro."

Mutane sun fito sun tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi babu tebur. Na ce, "Kawu, kai ka ce ba wanda zai ɓamɓare ta wani."

Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Kawu ya juya wajen Mama ya ce ta yi wa 'yarta magana. Mama ta ce, "Dokarka ce, ɗan Opal. Ajiye farantin ka kama mana, ruwa zai sauko." Bai kama ba. Ni da Mama da wasu mata biyu daga coci muka mayar da su ciki, yayyafi yana dukan bayanmu.

Ranar Litinin wata mata mai suna Madam Lindqvist ta zo daga jami'a. Ta ga rawaya a jikin kwalayen, Mama ta ce ai sai ta tambaye ni, nawa ne. Ta buɗe ɗaya, ta zaro takarda, ta karanta, ta juya bayanta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ke ce wannan? To, bari in gaya miki gaskiya. Mu ba ma raba fuska da baya. Wanda ya zo karatu zai ga duka biyun. Idan ba ki so, ki riƙe abinki, ba wanda zai ga laifinki."

Na tambaye ta ko za a ajiye su ɗaki guda da na yaƙin da na kaboyi, ba a wani lungu daban ba. Ta ce a kan kantar ajiya guda, ƙarƙashin suna guda, a rubuta Opal a gefen Orval. Na ce ta ɗauka. Roƙo ɗaya na ƙara, kada a cire sitikar. Ta ce irin wannan gam ɗin yana ɓata kwali, amma za ta yanko gefen ta adana a ciki.

Yanzu gidan ya zama fili. Inda agogo yake sai farin zagaye a bango. Teburinka ma ya tafi da jar sitika, ban san wa zai shiga ƙarƙashinsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta rasa uba kuma ta rasa mai riƙe mata ni. Ina miƙa ta ga Kawu Dwight da Anti Charlene. Har yanzu ba na iya kallon jan abu mai zagaye ban tuna da sitikar Kawu ba, amma shi ma ubansa ne ya mutu, kuma na ga ya zauna shi kaɗai a mota ya daɗe kafin ya tayar. Ina miƙa ta ga tsofaffin da za su jira babi na gaba ranar Lahadi, da duk matan da suka karanta Opal a ɗakin girki ko a bakin gadon asibiti. Ku ma an yi muku rashi, ko da ba a sa ku a sanarwa ba.

Kaka, wata rana wani baƙo zai zauna a jami'ar nan ya juya takarda, ya ga Twila ta ci uku cikin ashirin a lissafi. Ya gani. Idan ya sake juyawa zai tarar makiyayin nan ya buɗe baki a ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Yadda ba ka taɓa yar da takarda don an ɓata fuskarta ɗaya ba, Ubangiji ya dubi farin da ke gare ka ya karɓe ka gaba ɗaya. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.

Jikarka,
Twila, editarka