Ɓauren Nives

Nives Bonomi ba ta barin mai saye ya sa hannu a kayanta. Haka uwarta ta yi a rumfar nan ta tsakiyar kasuwar Verona, haka ita ma ta taso ta tarar. Ka zo ka gaishe ta, ka faɗi abin da kake so, ta tambaye ka yau za a ci ko sai gobe, sannan ta zaɓa maka da hannunta. Duk wanda aka haifa a garin ya san wannan tun kafin ya san hanyar makaranta.

To amma ina 'yan garin yanzu? Gidajen da ke kewaye da kasuwar an mayar da su masaukin baƙi, tsofaffin da ke sayen kayan Nives wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa bayan gari. Sai 'yan yawon buɗe ido, garke-garke, suna bin ɗan jagora mai laima a ɗage. Sun gama kallon tsohon filin wasa na dutse, ƙafa ta gaji, sai su faɗo kasuwa. Mutum ba gaisuwa ba komai, ya ɗauki ɓaure ya matsa, ya shinshina, ya ɗaga a ɗauke shi hoto, ya ajiye ya yi gaba. Ɓauren da aka matsa da hantsi kuwa kafin yamma ya yi tsami. Wa zai saya?

"Kar a taɓa!" Muryar Nives har ta dushe da wannan kalma.

Bepi, maƙwabcinta na rumfa, da can cuku yake sayarwa, yanzu ya koma huluna da 'yan gumakan roba. Kullum sai ya tsokane ta.

"Sarauniyar ɓaure, yau mutum nawa kika kora?"

"Kai dai ji da tarkacenka. Ko jikanka ba zai karɓe su kyauta ba."

"Jikana ba ya saye, Nives. Waɗannan kuwa suna saye."

Ba duka baƙin ba ne kunnensu a toshe. An yi wata mata 'yar Koriya, mai furfura kamar Nives ɗin. Ranar farko ta miƙo hannu, Nives ta doke shi, har Bepi ya rufe ido. Washegari sai ga ta ta dawo, hannuwa a goye a baya, ta yi gaisuwar safe da karyayyen Italiyanci, ta nuna ɓaure da haɓa. Nives ta juya kwandon a hankali ta zaɓo mata uku masu tsagewa a gindi, waɗanda zuma ke tsatsowa. Matar ta ci ɗaya a tsaye, ta lumshe ido. Da gari ya waye jirgin ƙasa ya kai ta Venice. Abin da ke cin ran Nives ke nan. Da ka fara koya wa mutum hankali sai ya ɗauki jakarsa, wasu sababbi fil su sauko, ka sake daga farko. Shekara da shekaru tana tarbiyyar mutanen da ba za ta ƙara gani ba.

Ga gwiwoyi sun ƙi. Tsayuwar wuni a kan dutse ba wasa ba ce ga mace mai shekara sittin da ɗoriya. Dole wani ya karɓi rumfar, kuma 'ya ɗaya gare ta, Loredana. Ita kuwa ta zo da sharaɗi: a daina jera kaya a kwando, a yanka kankana da inabi a zuba a kofunan roba da ɗan cokali, baƙo ya ɗauka ya biya ya wuce.

"Mama, ba mai dafa abinci a unguwar nan kuma. Wa kike jira?"

"Kofin roba! A rumfar kakarki?"

"Kakata ba ta ga abin da nake gani ba. In kin ƙi, otel suna nemana aiki, sai ki sayar wa Bepi ya ƙara huluna."

"Ɓauren fa?"

"Ɓaure ba ya zama a kofi, Mama, narkewa yake yi. Kin fi ni sani."

Nives ta yi mako guda ba ta kula 'yarta ba. Ta yi faɗa da baƙi fiye da kullum, ta zubar da rabin kwando biyu a shara. Ran Asabar ta kasa sunkuyawa ta ɗauki ma'auni, sai da Bepi ya zagayo ya miƙo mata, bai ko yi tsokana ba. Hakan ya fi mata ciwo.

Da sassafen Litinin tsoho Attilio ya iso da 'yar motarsa. Shi ke kawo ɓauren daga gonarsa ta kan tudu tun uwar Nives na da rai. Ya sauke akwati, ya ɗage ganyen da ya rufa a kai don ta gani.

"Dubi na bana, 'yar nan. Rabon da su yi haka an daɗe."

Ta duba. Ba ta taɓa ba.

"Baba Attilio, daga mako mai zuwa kar ka ƙara kawowa."

Ya tsaya yana kallonta, ya kalli tarin kofunan da Loredana ke jerawa a kan tebur.

"To itatuwan fa? In je in ce musu su daina?"

"Ka gaya musu abin da ka ga dama. Ni na gaji."

Tsohon ya mayar da ganyen a hankali, ya shiga mota ba sallama. Loredana ta turo wa uwarta kujera, ta ajiye kankana a gabanta, ta miƙo wuƙa. Nives ta zauna ta fara yanka, ƙanana-ƙanana, daidai bakin kofi.